Idan ɗan sanda ya tsayar da kai a hanya kuma da bindiga a jikinka, za ka faɗa masa ko sai ya tambaya?

Sani_Columbus:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu zama a Amurka. Ina da ɗan shagon kayan masarufi a nan Columbus, sai dare ya yi nisa nake rufewa in ɗauko cinikin rana in taho gida. Tun da aka tare maƙwabcina a bakin shagonsa aka yi masa fashi hankalina bai kwanta ba, shi ne na je na yi ajin koyon riƙon bindiga, na karɓi lasisin jihar Ohio, na sayi ƙaramar fistol. Yanzu in dai ina tuƙi da dare tana ƙuguna.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne ranar da ɗan sanda zai kunna min fitila ya tsayar da ni. Wanda ya koyar da mu ya ce dokar jihar nan ba ta tilasta maka faɗa ba sai an tambaye ka. Wani dattijo a masallaci ya ce ko gaisuwa kada in gama sai na faɗa. Wani abokina kuma ya ce faɗin ne ya kashe Philando Castile. Wanne zan ɗauka? Kuma ƙarshen wata zan kai iyali Detroit ta jihar Michigan, daga can mu wuce biki Newark ta jihar New Jersey.

Bala_Mai_Tirela:
Wa alaikumus salam. Malam Sani, kafin a shiga doguwar magana, ka fara ajiye wannan: Newark ba da bindiga ba. Jihar New Jersey ba ta san da lasisin Ohio ba, ba ta san da na kowace jiha ba sai nata. Ka bar ta a gida a kulle.

Michigan kuwa suna karɓar lasisinka, amma dokarsu daban take da taku. A can da zarar an tsayar da kai dole ne ka faɗa nan take, ba sai an tambaya ba. Ina jan tirela tsakanin jihohin nan, abin da na koya shi ne kana tsallake allon maraba na wata jiha, dokar bindiga ta canza, motarka kuwa ko birki ba ta taka ba.

Maimuna_Minnesota:
Yaya Sani, tun da an ambaci Philando bari in yi magana, don a nan garinmu abin ya faru, kuma nakan bi ta titin Larpenteur in ga ɗan lambun da aka yi don tunawa da shi. Ranar 6 ga Yuli 2016 ne, a Falcon Heights kusa da St. Paul. Shekararsa 32, yana kula da ɗakin cin abincin yara a wata makarantar firamare. Yana da lasisinsa cikakke. An tsayar da shi aka ce fitilar birkinsa ta mutu. Ɗan sandan, Jeronimo Yanez, ya nemi lasisin tuƙi da takardar inshora. Ya miƙa ta inshora, sannan cikin ladabi ya ce ranka ya daɗe, ya kamata in sanar da kai akwai bindiga a jikina. Ɗan sandan ya ce to kada ka ciro ta. Ya ce ba ciro ta nake yi ba. Sai harbi bakwai, biyar suka same shi. Budurwarsa Diamond Reynolds tana gefensa, 'yarta mai shekara huɗu tana kujerar baya. Ita ce ta kunna Facebook kai tsaye duniya ta ga yana zubar da jini.

A watan Yuni 2017 kotu ta wanke ɗan sandan. Ni daga ranar na ce wa maigidana bindiga ba za ta shiga motar da 'ya'yana suke ciki ba. Mutumin nan ya bi doka, ya yi ladabi, ya faɗi gaskiya. Me ya rage da bai yi ba?

Kawu_Atlanta:
'Yata Maimuna, Allah ya ji ƙan musulmi, kuma abin da aka yi wa yaron nan zalunci ne, ban da ja a kai. Amma kada Sani ya ɗauka cewa faɗin ne kaɗai ya jawo. Abu biyu ne suka haɗu a lokaci ɗaya. An ce masa ya kawo lasisin tuƙi, hannunsa ya riga ya nufi aljihu, bakinsa kuma yana ambaton bindiga. Ɗan sanda mai tsoro kunnensa ya ji bindiga, idonsa ya ga hannu yana motsi. Laifin na wanda aka horar aka ba shi makami ne, shi ya kamata ya ce ɗora hannunka a sitiyari mu yi magana. Amma mu da muke son komawa gida da rai, darasin shi ne baki ya yi magana hannu yana daskare.

Maimuna_Minnesota:
Kawu, na ji ka, amma kullum mu ake ba darasi. Mai kaki da albashi da horo shi aka yarda ya firgita, direban da aka haske wa ido da tocila shi ake so ya zama mai nutsuwa.

Dan_Zango_Bronx:
Gaskiya Hajiya ta faɗa. Mu a nan Bronx har gobe ba mu manta da Amadou Diallo ba, ɗan Gini, 1999. Ko mota ba ya ciki, a ƙofar gidansu yake, ya sa hannu zai ciro walat suka sakar masa harsashi 41. Ba shi da ko wuƙar yanka albasa. To ina ga wanda da gaske akwai bindiga a ƙugunsa?

Injiniya_Houston:
Bari in kawo ɗaya ɓangaren don kada a tsorata bawan Allah gaba ɗaya. An taɓa tsayar da ni a babbar hanya a nan Texas saboda gudu. Na kunna sigina na gangara gefe sosai, na kashe mota, na sauke gilashi gaba da baya, na kunna fitilar cikin mota don dare ne, na ɗora hannu biyu a saman sitiyari na baza yatsu. Da ya iso ya gaishe ni, na ce masa ina da lasisin riƙe bindiga, tana ƙuguna ta dama, walat ɗina yana aljihun baya ta hagu, yaya kake so in yi? Ya haska ƙuguna da tocila, ya ce bar ta inda take, ciro walat ɗin a hankali. Na ba shi lasisin tuƙi da na bindiga tare. Ya koma motarsa, ya dawo da takardar gargaɗi ba tara, har ya gode min da na sanar da shi.

A Texas tun Satumba 2021 ma ba sai da lasisi ba ake yawo da ita, 'yan sandan nan sun saba ganin bindiga a mota. Shawarata Malam Sani, ka faɗa, amma ka fara da maganar lasisi kafin ka ambaci makamin, kuma hannunka a sitiyari.

Bala_Mai_Tirela:
Injiniya, Allah ya haɗa ka da na kirki ne. Ni nawa ba haka ya kasance ba. A wani ƙaramin gari ne, ina cikin ƙaramar motata da yarana biyu. Na yi duk abin da ka lissafa. Ina faɗa masa sai ya ja da baya, hannunsa a kan tasa bindigar, ya kira 'yan uwansa ta oba-oba. Suka fito da ni, suka juya ni na dafa but, ɗaya ya zare fistol ɗin daga ƙuguna, suka sa min ankwa suka zaunar da ni a gefen titi, wai don tsaron kowa. Ƙaramin ɗana ya manna fuska a gilashin baya yana kuka. Da suka gama bincike ba su sami komai ba, suka zazzage harsasan suka zuba a leda, suka sa bindigar a but, suka ce kada in taɓa ta sai sun ɓace. Ba tara, ba haƙuri. Yaron har yanzu in ya ji jiniya sai ya riƙe rigar uwarsa.

Duk da haka in aka sake tsayar da ni zan faɗa. Gara su ji daga bakina da su gani da idonsu.

Zainab_Lauya:
Sannu Baba Bala, Allah ya kiyaye gaba. Ina aiki a ofishin lauyoyin shige da fice, bari in ɗan daidaita wasu abubuwa.

Yaya Sani, malaminku ya faɗi daidai. Da a Ohio dole ne ka faɗa da kanka, amma daga Yuni 2022 aka canza, yanzu sai in an tambaye ka. In aka tambaya ka ɓoye, laifi ne. Kuma dokar ta ce ka zauna cikin mota, hannunka a inda za a gani, kada ka taɓa bindigar. Ka sani kuma a jihohi da yawa lasisin yana fitowa a kwamfutar ɗan sanda da zarar ya duba bayananka, don haka sau da yawa ya riga ya sani kafin ka buɗe baki.

Fitar da mutum daga mota da aka yi wa Baba Bala, Kotun Ƙoli ta halatta shi tun 1977 a shari'ar Pennsylvania da Mimms, a 1997 ta haɗa har da fasinja. Idan aka ce ka fito, ka fito, gardama a kotu ake yin ta. Amma in ya ce ka yarda in binciki motarka, kana da ikon cewa ban yarda ba, cikin ladabi, ba tare da ka tare shi ba. A 2015 kuma kotun ta ce ba a tsawaita tsayarwa bayan an gama abin da aka tsayar da kai dominsa don kawai a jira karen bincike.

Abin da ya fi damuna kuma ba wanda ya taɓo shi: takardunka. Mai girin kad, wato katin izinin zama na dindindin a Amurka, doka ta ba shi damar mallakar bindiga. Amma idan kotu ta same shi da laifin da ya shafi bindiga, ko da na ɗaukarta ne inda ba a yarda ba, wannan yana cikin laifukan da ake mayar da mutum ƙasarsu a kansu. Ba'amurke zai biya tara ko ya yi zaman kaso ya koma gidansa. Kai za ka iya rasa shagon da zaman gaba ɗaya.

Sani_Columbus:
Na gode ƙanwata. Girin kad gare ni, ban kai ga zama ɗan ƙasa ba tukuna. To in na cire harsashi na kulle ta a akwati na sa a but fa? Na ji an ce akwai dokar tarayya da ta yarda da haka.

Zainab_Lauya:
Akwai, ta 1986 ce. Amma tana kare mai wucewa ne kawai, wanda bindigar ta halatta gare shi a inda ya taso da inda za shi. Kai New Jersey ce masaukinka, kwana za ka yi, don haka ba ta rufe ka ba. Ka nemi labarin Shaneen Allen. Uwa ce mai 'ya'ya biyu daga Philadelphia, ta sayi bindiga bayan an yi mata fashi, tana da lasisin Pennsylvania. A Oktoba 2013 aka tsayar da ita a New Jersey kan ƙaramin laifin tuƙi, da bakinta ta faɗa wa ɗan sandan tana da bindiga da lasisi. Nan take aka kama ta, ta fuskanci ɗaurin da mafi ƙarancinsa shekara uku da rabi ne. Sai da aka yi ta surutu a ƙasa, daga baya gwamnan New Jersey na lokacin, Chris Christie, ya yafe mata a 2015. Ita 'yar ƙasa ce.

Usman_Dalibi:
Anti Zainab don Allah mu masu bizar karatu fa? Abokan ɗakina suna zuwa filin koyon harbi, sun ce in zo mu je, ɗaya ma yakan bar tasa a aljihun gaban mota in na ari motar.

Zainab_Lauya:
Usman, kada ka sake aron motar nan da bindiga a ciki. Dokar tarayya ta hana mai bizar zaman wucin gadi riƙe bindiga ko harsashi, sai 'yan keɓantattu kamar wanda yake da lasisin farauta. In aka tsayar da kai ka buɗe aljihun nan za ka ɗauko takardar inshora ta faɗo, ba mai sauraron cewa ta abokinka ce. Karatun da iyayenka suka sayar da abin hannunsu suka turo ka ya fi wannan.

Abu_Fagge:
Ikon Allah. Mu da muke gida muna karanta ku baki buɗe. Wato mutum ya kalli ɗan sanda ya ce masa ina da bindiga, har a gode masa? A nan ko harba-ka-ruga aka gani a but ɗinka a shingen bincike, sai dai 'yan uwa su bi ka da abinci ofis. Lasisin ma a 2023 Sufeto Janar na 'yan sanda ya dakatar da bayarwa. Kuma kun ga abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris 2025, mafarauta 16 'yan Arewa suna dawowa daga Fatakwal za su gida sallah, aka tare motarsu aka ga bindigogin farauta, aka kashe su aka ƙona. Allah ya ji ƙansu.

Kawu_Atlanta:
Amin ya Allah. Sai dai Abu, waɗancan 'yan sintiri ne da taron gari suka yi wannan ta'asa, ba 'yan sanda ba, kada mu haɗa. Amma ka tuna min da abin da nake faɗa wa duk baƙon da ya sauka a gidana. Tarbiyyarmu ta gida tana iya jefa mu cikin haɗari a nan. A gida in ɗan sanda ya tsayar da kai, girmamawa ce ka fito daga mota ka nufe shi da fara'a kana laluben takardu. A nan ka buɗe ƙofa ka nufo shi, ya ɗauka faɗa ka zo yi. A gida sunkuyar da kai ladabi ne, a nan sai ya ce kana ɓoye wani abu. Sannan kaftani. Ka taso daga Juma'a, walat yana aljihun wando, dole sai ka ɗage riga ka cusa hannu daidai ƙugu, daidai inda ake sa bindiga. Ni lasisin tuƙi da inshora da rajistar mota duk suna maƙale a abin kare rana na saman gilashi, in zan ɗauko hannuna sama yake yi, yana kallo.

Kuma ku san abin da ake cusa musu a wajen horo. A nan Georgia, Janairu 1998, wani matashin ɗan sanda Kyle Dinkheller, shekararsa 22, ya tsayar da wani tsohon soja kan gudu. Mutumin ya koma motarsa ya ɗauko doguwar bindiga ya kashe shi, kyamarar motar 'yan sanda ta ɗauki komai har ihunsa. Wannan bidiyon ana nuna wa sababbin 'yan sanda a makarantu da yawa. Wanda ya nufo gilashinka da dare, mai yiwuwa da wannan hoton a kansa ya taho.

Dan_Zango_Bronx:
Kawu, in tsoro ne kowa yana da nasa. Caron Nazario hafsan soja ne, da kakinsa a jiki, a Virginia cikin Disamba 2020. Bai tsaya a duhu ba, ya lallaɓa zuwa gidan mai inda akwai haske, abin da ake ce mana mu yi ke nan. Ya fito da hannu biyu ta taga. Suka auna shi da bindigogi, ya ce yana tsoron fitowa, suka fesa masa barkono a ido. Da ya kai ƙara, abin da aka yanke masa bai kai dala dubu huɗu ba. In kakin soja bai kare baƙar fata ba, katin lasisi ne zai kare mai suna Sani ko Muhammad da harshen baƙo?

Malam_Idi:
Kare kai da dukiya halal ne, babu saɓani. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai wucewa da kibau a masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu don kada ya ji wa wani rauni. Wanda ya ɗauki makami ya ɗauki amana, kuma sanin dokar inda yake yana cikin amanar. Malam Sani, ka tambayi kanka ko kana da saurin fushi a kan titi. In kana da shi, wannan ya fi maganar ɗan sanda muhimmanci.

Hauwa_Detroit:
Ina ƙara wa masu Uber da Lyft, don na san suna da yawa a zauren nan suna karantawa shiru. Kamfanonin biyu sun hana direba ɗaukar bindiga yana aiki, ko da lasisi. Fasinja ɗaya ya hango ya kai rahoto, an rufe maka asusu. Yaya Sani in kun shigo Detroit ku neme mu, akwai tuwo.

Injiniya_Houston:
Dan Zango, ban musa ba, launin fata yana aiki. Amma ka lura ko a Minnesota, bayan mahaifiyar Philando, Valerie Castile, ta yi ta fafutuka, a 2020 sun ƙara a littafin koyon tuƙi na jihar yadda mai bindiga zai yi in an tsayar da shi: hannu a sitiyari, ka sanar da ɗan sanda akwai makami, ka faɗi inda yake, kada ka kai hannu. Uwar da ta rasa ɗanta ba ta ce a riƙa ɓoyewa ba.

Sani_Columbus:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Tafiyar nan dai ba da ita za a yi ba, ta zauna a akwatinta. Takardu kuma yau zan mayar da su sama yadda Kawu ya ce. Maganar faɗa ko shiru a cikin Ohio ce har yanzu zuciyata ta rabu biyu, don labarin Injiniya da na Malam Bala abu ɗaya suka yi, sakamako ya bambanta. Wata tambayar: uwargida takan ɗauki motar nan ta kai yara makaranta, kuma da sunana aka yi rajista.

Zainab_Lauya:
To ka faɗa mata tun yau, mai yiwuwa ɗan sandan ya iso yana zaton mai lasisin ne a ciki. In ya tambaya ta ce motar mijina ce, babu makami a ciki. Kai kuma ka tabbatar hakan gaskiya ne duk safiya, ka duba har ƙarƙashin kujera da aljihun ƙofa, ko harsashi ɗaya kada a bari.

Bala_Mai_Tirela:
Ni dai ina nan kan bakana, ka faɗa. Ankwa ta fi likkafani.

Maimuna_Minnesota:
Ni kuma Yaya Sani da za ka ji tawa, ka nemi banki mai akwatin zuba kuɗi na dare kusa da shagon, ko ka rage karɓar tsabar kuɗi, ka ga ko za ka iya tuƙi ba tare da ita ba gaba ɗaya. Ka tambayi uwargidan ma me take so, tun da ita da yaran suke shiga motar. Baba Bala, ɗan naka shekararsa nawa yanzu? Akwai wata mai duba yaran da suka firgita da muka sani ta masallacinmu, in kana so in turo maka lambarta ta akwatin sirri.